Yadda ake kafa rediyon intanet da sayar da waƙa daga Sudan

A Gadarif da Kasala da Sinnar da Mai Wurno da Damazin akwai gidajen da ba su ƙirguwa waɗanda da Hausa ake kwana a cikinsu, da ita ake tashi. Duk da haka da wuya ka kunna rediyo ka ji ɗan unguwarku yana magana da Hausarmu ta nan, wadda ta daɗe tana cuɗanya da Larabci. Labarin duniya muna jin sa daga BBC da sauran tashoshin waje, waƙa kuma daga Kano da Kaduna take zuwa mana. Abin da muka rasa shi ne tashar da za ta ce an ɗaura auren wance a Mai Wurno, ga yadda ridi ya kwana a kasuwar Gadarif, ga sabuwar waƙar yaron nan na Kasala. Harkar ba baƙuwa ba ce a wurinmu. An buɗe Rediyon Omdurman a 1940, macen da ta fara rera waƙa a cikinsa kuwa, A'isha Falatiya, iyayenta daga ƙasar Sakkwato suka taso.

Yanzu ba sai da doguwar eriya da injin watsa shiri ba. Da kwamfuta ɗaya da makirufo da intanet mai ɗan dama-dama mutum zai buɗe tashar da za a ji a Jidda da Alƙahira da Kano a lokaci guda. Buɗewar ita ce mai sauƙi. Abin da ke kashe irin waɗannan tashoshi abu biyu ne: mai tasha bai shirya ta inda kuɗi zai iso hannunsa ba, kuma yana watsa kayan da ba shi da izinin tabawa. Shi ya sa na sa sayen kayan aiki a baya, waɗannan biyun a gaba.

Mataki na 1: Ka san wa kake yi wa magana

Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, jama'armu ta warwatsu. Wasu sun koma Bur Sudan da Gadarif, wasu sun tsallaka Masar, wasu suna wurin dangi a Saudiyya, wasu sun nufi Chadi da Najeriya. Masu sauraronka kashi biyu ne ke nan. Na cikin gida su ne masu labari da biki da kasuwa, amma datarsu kaɗan ce, sabis kuma yau akwai gobe babu. Na waje su ne masu intanet mai ƙarfi da kewar gida, kuma aljihunsu ne zai fi ɗaukar nauyin tashar. Shirin da ya haɗa waɗannan biyun shi ne shirin da zai rayu.

Kafin ka kashe ko sisi, buɗe zaure a WhatsApp ko Telegram, ka riƙa saka shirin minti goma sha biyar kullum har tsawon wata guda: gaisuwa, farashin kasuwa, hira da wani dattijo. In mutane suka fara turo saƙon murya ba tare da ka roƙe su ba, akwai kasuwa. In shiru ka ji, sauya shirin, kada ka sayi makirufo tukuna.

Mataki na 2: Ta ina kuɗin zai shigo?

Nan ne Sudan ta bambanta da sauran wurare, kuma nan ne ya kamata ka fi zama ka yi tunani.

A cikin gida lamarin a fili yake. Bankak, manhajar Bankin Khartum, ita ce hannun da yawancin mutane ke biya da shi. Ka ware asusu ɗaya domin tashar kaɗai, kada ka haɗa shi da na cefane, domin ranar da ka haɗa su ba za ka sake sanin ko riba kake ci ko asara ba. Kuma kada ka yarda da hoton ish'ari, wato sanarwar tura kuɗi, da aka turo maka a matsayin shaidar biya. Ana ƙirƙirar na bogi. Buɗe asusunka da kanka, ka ga kuɗin ya zauna, sannan ka karanta gaisuwa ko ka tura waƙa.

Kuɗin waje shi ne mai wuya. Amurka ta ɗage takunkumin tattalin arziki a watan Oktoba 2017, ta kuma cire Sudan daga jerin ƙasashen da take zargi da goyon bayan ta'addanci a Disamba 2020, amma kamfanoni da yawa har yau ba su buɗe mana ƙofa ba. PayPal ba ya aiki da asusun Sudan, kuma kamfanonin rarraba waƙa galibi ta PayPal ko Payoneer ko banki suke biya. Wasu matasa sukan ɓoye inda suke, su cika takarda da adireshin wata ƙasa. Ina roƙonka kada ka bi wannan hanya. Rajistar za ta wuce lafiya, waƙa ta hau, kuɗi ya fara taruwa, sai ranar cirewa a ce ka kawo katin shaida da takardar banki masu ɗauke da wancan adireshin. A nan ake rufe asusu da guminka a ciki.

Hanyar da ta fi tsabta ita ce abokin tarayya na gaskiya wanda da gaske yake zaune a ƙasar da ake biya, yana da asusun banki da sunansa. Ɗan'uwa a Kano ko Kaduna ya fi sauƙi. In a Saudiyya yake kuma da iƙama, wato takardar zaman baƙi, yake zaune, ya fara bincika abin da dokar can ta yarda masa, domin ba a barin baƙo ya yi kasuwanci a wajen aikin da aka rubuta masa, kada ka jefa shi cikin matsala saboda waƙa. Ko wane ne shi, ko wanka ne uwa ɗaya uba ɗaya, ku rubuta yarjejeniya: asusun na wane ne, kaso nawa zai ɗauka na wahalarsa, ranar nawa ga wata zai turo, kuma kai ma kana da damar shiga ka ga lissafi da idonka. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka, don haka babu abin kunya a ce wa ɗan'uwa a kawo biro da shaidu biyu.

Ka kuma sani cewa za a ba shi takardar haraji ta Amurka mai suna W-8BEN ya cika. Najeriya da Saudiyya da Sudan duk ba su da yarjejeniyar haraji da Amurka, saboda haka ana cire kashi 30 cikin ɗari daga abin da aka samu ta hannun masu sauraro na Amurka. Ku san da wannan tun farko, kada gobe a zargi mutum da cin amanar da bai ci ba.

Mataki na 3: Izini a rubuce

Kowace waƙa tana da haƙƙi biyu. Akwai na wanda ya tsara baitoci da karin, akwai kuma na wanda ya mallaki ɗaukar da aka yi a sutudiyo. Wani lokaci mutum ɗaya ne, sau da yawa kuma mutum uku ne ko huɗu: mawaƙi, marubuci, makaɗi, da wanda ya biya kuɗin sutudiyo. Sudan ta shiga yarjejeniyar Berne ta kare haƙƙin mallaka a 2000, tana kuma da dokarta ta 2013. Don waƙa tana yawo a wayoyin mutane ba shi ne ya sa ta zama ta kowa ba.

Takardar da kake buƙata ba ta wuce shafi ɗaya ba. A rubuta sunan waƙa, sunan duk mai haƙƙi da kasonsa, abin da aka ba ka izini a kai, da tsawon lokacin. Ka bambanta izinin sakawa a rediyo da izinin sayarwa, domin ba abu ɗaya ba ne, kuma rigima ta fi tashi daga nan. A rubuta da Larabci da Hausa, kowa ya sa hannu, a ɗauki hoto a ajiye. In mawaƙin yana nesa, ya turo hoton takardar da sa hannunsa, ya haɗa da saƙon murya yana faɗin abin da ya amince da shi.

Waƙoƙin manyan mawaƙan Najeriya fa? Na san su ne mutane za su fi nema. Ka tuntuɓi mawaƙin ko manajansa ka nemi izinin sakawa, da yawa za su yi murna a ji su a Sudan. Sayar da su kuwa ko ɗora su a shafinka, a'a. YouTube na rufe shafin da ya tara gargaɗin haƙƙin mallaka uku cikin kwana 90, duk abin da ka gina ya tafi da shi.

Akwai wata taska da na fi so ka mai da hankali a kai: tsofaffinmu. Masu bege, mata masu waƙar daka da ta biki, dattawan da suka ji daga bakin kakanninsu yadda aka taso bayan yaƙin Burmi na 1903, wanda aka yi tsakanin Sarkin Musulmi Attahiru da Turawan Ingila, har aka sauka a bakin Kogin Nil. Babu wata tasha a duniya da take da wannan, kuma kullum raguwa suke yi. Ka je da ladabi, ka gaida Baba ko Inna yadda ya dace, ka bayyana musu a gaban 'ya'yansu inda muryar za ta je, ka ba su hasafi, ka kuma rubuta musu kaso in an sayar.

Sannan ka leƙa ofishin ma'aikatar al'adu da yaɗa labarai na jiharku, ka tambayi abin da ake buƙata ga mai karɓar talla, tun kafin ka karɓi na farko.

Mataki na 4: Kayan aiki

Tsohuwar kwamfutar cinya ta isa. Makirufo ka nemi irin wanda ake kira dainamik mai shiga ta USB, domin ba ya kwaso hayaniyar titi da kukan awaki kamar masu tsananin ji. Sai abin sawa a kunne, da ƙaramin faifan sola da batiri saboda ɗaukewar wuta. Layin waya biyu na kamfani daban-daban, misali Zain da Sudani ko MTN, in ɗaya ya faɗi ka koma ɗayan.

Ɗakin ya fi makirufon muhimmanci. Rataya barguna a bango, shimfiɗa darduma, kashe fanka lokacin ɗauka. Da yake zafin Gadarif ba ya barin mutum ya daɗe a rufe, ka riƙa ɗaukar shiri bayan asuba ko bayan isha. Manhajojin kyauta ne: Audacity domin gyaran murya, Mixxx ko BUTT domin tura shiri kai tsaye.

Mataki na 5: Kafa tashar

Rediyon intanet yana tafiya ne haka: kwamfutarka tana tura sauti zuwa wata babbar kwamfuta da ke ƙasar waje, wato saba, ita kuma tana rarraba wa duk wanda ya buɗe adireshin tashar. Manhajojin da ke wannan aiki a kan saba su ne Icecast da Shoutcast. Kana iya kama haya a wurin kamfanoni irin su Zeno, Radio.co ko RadioKing, su ba ka komai a shirye, ko kuma in kana da yaro mai hannu a kwamfuta ku kama hayar saba ku sa AzuraCast, wadda kyauta ce. Kuɗin haya da dala ake biya da kati, to wannan ma aikin abokin tarayyarka ne.

Abin da ba za ka yi sakaci da shi ba shi ne mai-kunna-da-kansa, wanda kamfanonin ke kira AutoDJ. Kana ɗora shirye-shirye da waƙoƙi a kan saba, ka tsara jadawali, ita ta riƙa kunnawa dare da rana ko da wayarka a kashe take. A watan Fabrairu 2024 sabis ya ɗauke a kusan duk ƙasar nan na tsawon kwanaki, wasu wuraren makonni. Tashar da ta dogara da kwamfutar ɗakin mai ita ta yi shiru a ranar farko. Wadda kayanta ke kan saba ta ci gaba da magana da mutanen Jidda da Alƙahira. Duk ranar da ka samu intanet mai kyau, ko a shagon masu Starlink ne, wato intanet na tauraron ɗan Adam, ɗora shirin mako guda gaba ɗaya.

Yanzu lissafin data, wanda shi ne zai sa talaka ya saurare ka ko ya guje ka. Ana auna nauyin sauti da kilobit a daƙiƙa. A kan 128, mai sauraro yana ƙona kusan megabait 58 a awa ɗaya. A kan 64, kusan 29. A kan 32, kusan 14. Ka buɗe ƙofa biyu: ta 64 domin na waje, ta 32 a tsarin matse sauti mai suna AAC+ domin na gida, wadda magana ke fita tas a cikinta, waƙa ma ba laifi. Ta ɓangarenka, shirin kai tsaye na awa biyu a kan 64 bai kai megabait 60 ba, don haka abin da kake nema shi ne layin da ba ya yankewa, ko da ba shi da gudu. Wajen ajiya kuma, waƙa 500 masu minti biyar-biyar a kan 128 suna cin kusan gigabait biyu da rabi, su ba ka sauti na sama da awa 40.

Da tashar ta fara aiki, ka yi mata rajista a shafukan da ke jera tashoshin rediyo, irin su Radio Garden da myTuner, ka rubuta sunanta da boko da kuma haruffan Larabci. Yawancin 'yan'uwanmu na nan da Larabci suka yi makaranta, da shi za su neme ka.

Mataki na 6: Jadawali, da abin da ba a faɗa

Ƙarfe takwas na dare a Gadarif, bakwai ne a Kano, tara a Makka. Wannan shi ne lokacin zinariya, a nan za ka sa shirin gaisuwa kai tsaye, kullum a kan lokaci ɗaya ba fashi. Awa biyu masu rai sun fi awa ashirin na kame-kame. Saƙon murya ya fi kiran waya, domin yana isowa ko sabis na rawa, kuma kana saurarensa kafin ka watsa. Ka raba lokacin waƙa da na karatu da bege, ka sanar da shi sarai, saboda akwai gidajen da ba sa sauraron kiɗa kuma su ma naka ne.

Ƙasa tana cikin yaƙi. Kada ka watsa labarin motsin masu ɗauke da makamai, kada ka karanta jita-jita, kada ka bar wani ya zagi wata ƙabila da makirufonka. Wanda ya ga rikicin ƙabilancin da ya faru a Damazin da Rusairis a 2022 ya san inda magana ke kai mutane. Cigiyar waɗanda suka ɓace kuwa ka karanta ta kyauta, ko yaushe, kuma lambar tashar za ka bayar, kada ka faɗi inda iyalin suke zaune.

Mataki na 7: Inda rediyon ke kawo kuɗi

Gaisuwa da sanarwar biki da suna su ne na farko, su ne kuma ba sa yankewa. Sai tallar 'yan kasuwa: mai shagon waya, mai sayar da kayan sola, dillalin ridi da dawa, mai ɗinki. Sai ɗaukar nauyin shiri na wata guda, wanda ya fi dacewa da 'yan kasuwarmu na Saudiyya. Sai watsa biki ko maulidi kai tsaye domin dangin da ba su samu zuwa ba.

Da yake fam ɗin Sudan ba ya zama wuri ɗaya, kada ka karɓi kuɗin talla na wata shida a farashin yau. Ka yi ciniki wata-wata, na waje kuma ka yanka musu da riyal. Riyal 3.75 ne dala ɗaya, to in hayar sabarka dala 20 ce a wata, riyal 75 kake nema kafin ka ce ka fara cin riba. Ka nuna wa mai talla alƙaluman masu sauraro na gaskiya daga shafin saba. In mutum arba'in ne, ka ce arba'in. Tallar maganin da aka ce yana warkar da kowace cuta kuwa, ka mayar wa mai ita da kuɗinsa.

Mataki na 8: Sayar da waƙa

Mawaƙi yakan zo da zumuɗin a sa shi a Spotify. Ka zaunar da shi ka faɗa masa gaskiya: abin da ake biya a kan saurare ɗaya bai kai santi guda na dala ba, kuma tun 2024 waƙar da ba a saurare ta sau 1,000 cikin wata 12 ba, Spotify ba ya biyan komai a kanta. Waɗannan dandamali suna ba mawaƙi suna da adireshi a duniya, kuɗinsu kuma a hankali yake taruwa. Na cefanen gobe yana kusa da gida.

Hanya ta farko ita ce sayarwa kafin fitarwa. Fayil ɗin waƙa kamar gishiri ne a ruwa, da ya shiga waya ɗaya ba mai iya tsamo shi. To kuɗinka ka karɓe shi kafin ya fita. Ka riƙa saka daƙiƙa talatin na waƙar a rediyo har mako biyu, ka sanar da ranar fitowa, masu so su biya ta Bankak a rubuta sunayensu, ranar da aka sa a tura musu gaba ɗaya a sa'a ɗaya, a kuma gode musu da suna a shirin dare. Masu tura waƙa a kasuwa kada ka ɗauke su abokan gaba. Ka sayar musu a kan farashin sari a wannan ranar, tunda ko ka ƙi ko ka so za ta iso gare su.

Hanya ta biyu ita ce waƙar da aka yi oda: ta amarya da ango, ta suna, ta shago. Rabin kuɗi kafin a shiga sutudiyo, rabi kafin a miƙa. Tashar ta karɓi kasonta na dillanci wanda aka rubuta tun farko.

Bayan mako biyu ko uku sai a kai waƙar dandamalin duniya ta hannun kamfanin rarrabawa. DistroKid kuɗin shekara yake karɓa, CD Baby kuɗi sau ɗaya da kaso 9 cikin ɗari, RouteNote kuma yana da tsarin da ba a biyan komai sai ya riƙe kaso 15. Ga mai farawa da waƙa biyu ko uku, na kason ya fi, domin a tsarin kuɗin shekara in ka kasa sabuntawa ana iya sauke waƙoƙinka. Za su nemi sautin a tsari mai cikakken inganci irin WAV ko FLAC, ba wanda WhatsApp ya matse ba, da hoton bango mai murabba'i, 3000 a tsaye 3000 a kwance, wanda babu lambar waya ko adireshi a jikinsa. Za su ba kowace waƙa lambar shaida mai suna ISRC. Ka rubuta ta a littafi, da ita za ka ɗauke waƙar zuwa wani kamfani ba tare da lissafin saurarenta ya ɓace ba. Sunan mawaƙi a rubuta shi iri ɗaya kullum, harafi da harafi, in ba haka ba sai a raba shi gida biyu. Ka tabbatar an zaɓi Audiomack da Boomplay da YouTube, domin can ne masu jin Hausa na Najeriya da Nijar suka fi taruwa.

Za a zo maka da tayin sayen saurare, a ce dubu goma a kan kuɗi kaɗan. Na'urori ne ke kunnawa, kamfanonin suna ganewa, kuma hukuncin shi ne sauke waƙar da riƙe kuɗin.

Mataki na 9: Littafi da ajiya

Ƙarshen kowane wata ka zauna da littafi: abin da ya shigo, abin da ya fita, kason kowane mawaƙi. Ka tura wa kowa hoton lissafinsa ko da abin da ya samu bai taka kara ya karya ba, ka biya shi a ranar da kuka rubuta. Asalin fayilolin da hotunan takardun izini ka ajiye su wuri uku: a kwamfuta, a katin ajiya da ke wani gida daban, da kuma a intanet. Kalmomin sirri na saba da na kamfanin rarrabawa ka damƙa su ga mutum ɗaya amintacce da ke wajen ƙasar, tare da jadawalin mako, yadda in hanya ta rufe ko sabis ya ɗauke zai iya ci gaba da ɗora shiri har ka dawo.